Tabarau muna saka shi da gayu, na'urar kunne kuma muna ɓoye ta, wai me ya sa?

Akwai wani abu da ya daɗe yana cin raina, yau dai nace bari in zauna in amayar da shi ko na samu sauƙi. Mutum in idonsa ya fara rauni ko a jikinsa, zai je a gwada shi a yanka masa tabarau ya maƙala a fuska, har ma ya tsaya zaɓen wanda zai masa kyau, wasu ma idonsu garau suke sakawa dan kawai ace masu ilimi ne. Amma shi wannan mutumin dai, in kunnensa ne ya fara rauni kace masa ya je a gwada a bashi na'urar da zata taimaka masa, sai kaga ya haɗe rai kamar ka zage shi, "au ni ka mayar kurma?" Ido da kunne duk a kai ɗaya suke fa, tsakaninsu ko taƙi ɗaya babu, amma ɗaya an bashi gata ɗaya an barshi da kunya.

Ni a kan Baba na koyi wannan karatun. Mun yi shekara wajen 6 muna fama, da farko talabijin ce, ya ƙure sauti har sai ka ji kanka na sarawa, in ka rage yace kai ka cika iyayi. Daga nan sai laifin ya dawo kanmu, wai yaran yanzu ba ma buɗe baki in muna magana, muna cinye kalmomi, wayar ma da ake kiransa yace ai netwok ne ba kyau. Sai ya koma wata dabara, duk abin da ka faɗa sai ya gyaɗa kai yana murmushi yace "haka ne, haka ne", mu kuma da yake hakan ya fi mana sauƙi sai muka bi shi a haka. Ranar da abin ya tsaya min a wuya ita ce ranar da Yaya ta zo ta durƙusa tana gaya masa an kwantar da ɗanta a asibiti, muryarta ƙasa-ƙasa dan kuka ya ci ƙarfinta, Baba ya dube ta da fara'a yace "to madalla, Allah ya yi albarka." Wallahi ɗakin sai da ya yi tsit. Da aka maimaita masa da ƙarfi ya gane, na ga abin da ya bayyana a fuskar dattijon nan, kuma tun daga ranar ya rage zama cikinmu, in an taru sai ya tashi ya shige ɗaki. Mutane suka fara cewa tsufa ya sa ya zama miskili. Mutumin da a da in ya fara labari sai an roƙe shi ya yi shiru.

Abin da na daɗe ban gane ba, kuma na san da yawa ba su gane ba, shine maganar da Baba yake yawan yi: "ina jin ku fa, ganewa ne bana yi." Mu mun ɗauka musu ne kawai, ashe gaskiyarsa ya faɗa tsurarta. Can cikin kunne, bayan dodon kunne da 'yan ƙananan ƙasusuwan nan uku, akwai wani abu a nannaɗe kamar katantanwa, a cikinsa akwai wasu ƙwayoyin halitta masu kama da gashi, kusan 15,000 a kowane kunne, su ne suke karɓar girgizar sauti su mayar da ita saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Kowane sashe da irin sautin da yake kamawa, kuma waɗanda suke fara mutuwa in shekaru sun ja ko hayaniya ta yi yawa su ne masu kama siririn sauti. To a magana siraran sautukan nan su ne irin su s, sh, f, ts. Wasula kuwa, a da o da u, masu kauri ne kuma masu ƙarfi, suna wucewa lafiya. Kenan mutum zai ji muryarka sarai amma sara da shara da fara da tsara duk sun zame masa "ara", sata da fata ba bambanci, sai ya koma canki-canka da ƙwaƙwalwa, kuma wannan cankar aiki ce mai gajiyarwa, shi ya sa zaka ga mai raunin ji in ya zauna cikin taro na awa ɗaya ya fito a gajiye liƙis kamar ya yi dako. Kuma su waɗannan gashin in sun mutu a jikin ɗan adam ba sa sake tsirowa. Tsuntsaye da kifaye nasu yana dawowa, mu namu in ya tafi shikenan.

Shi ya sa ihun da muke musu ba ya magani. In ka ɗaga murya wasulan da dama yana ji su kake ƙara wa ƙarfi, baƙaƙen da suka ɓace suna nan a ɓace, ga fuskarka ta canza kamar mai faɗa. Wani abin mamakin ma, kunnen da ya lalace ta wannan hanyar sau da yawa ba ya jure ƙara, ƙaramin sauti ba ya ji, babba kuma ya masa zafi, tsakanin "me kace?" da "haba kar ka fasa min kunne" ɗan siririn fili ne.

A nan ne na'urar zamani ta sha bamban da abin da mutane suke tunawa. Yawancinmu hoton da ke kanmu na tsohuwar na'ura ne, ƙatuwa, tana fito fiii duk wanda ke kusa yana ji, mai ita yana ta murɗa wani ɗan maɓalli. Ita waccan aikinta ɗaya ne, ta ƙara komai, muryar mai magana da ƙarar fanka da kukan mota duk ta haɗa ta ɗura maka. Ta yanzu kuwa ƙaramar kwamfuta ce. Makirfo ya ɗauki sauti, a mayar da shi lissafi, a yayyanka shi kashi-kashi daga mai kauri zuwa siriri, sannan kowane kashi a ƙara masa daidai gwargwadon abin da kunnen wannan mutumin ya rasa, inda yake ji lafiya a barshi yadda yake. Sauti mai rauni a ɗaga shi sosai, matsakaici a ɗaga kaɗan, mai ƙarfi a danne shi kar ya cutar. Yawanci makirfo biyu ne a jikin kowace, dan ta gane wanda ke gabanka ta fifita shi a kan hayaniyar bayanka, fiton nan ma tana gano shi ta kashe shi kafin ya tashi. Duk wannan cikin ɗan lokacin da ko ƙiftawar ido bai kai ba. Wasu suna haɗuwa da waya ta Bluetooth, kira ya shigo kai tsaye cikin kunnuwa biyu, da dare ka ajiye su a ɗan akwatinsu su yi caji kamar iyafis. Masu fama da ƙarar nan da ke tashi cikin kunne ba dare ba rana ma da yawansu suna samun sassauci, dan in sautin duniya ya dawo ita sai ta ja baya.

Tafiyar ma ba ta jiya ba ce. Da can ƙaho ake karawa a kunne. Ta lantarki ta farko wani Ba'amurke Miller Reese Hutchison ya ƙera ta a 1898, kuma ba abin da zaka saka a aljihu bane. Da aka ƙirƙiro tiransisto a 1947, wato ɗan mitsitsin abin nan mai ƙara ƙarfin saƙon lantarki, na'urar ji ta riga rediyo amfani da shi, tun 1952 ta shiga kasuwa da shi. Sai wajajen 1996 kamfanonin Denmak irin su Widex da Oticon suka fito da masu aiki da dijital gaba ɗaya waɗanda mutum zai saka a kunne ya yi yawo. Yau wata in an saka ta bayan kunne da ɗan siririn wayarta sai ka ƙura ido kafin ka gani.

To in kayan aiki sun kai haka, ina matsalar take? Hukumar Lafiya ta Duniya a rahoton da ta fitar kan ji a 2021 tace sama da mutum biliyan 1.5 ne ke da wani mataki na raunin ji, miliyan 430 daga ciki nasu ya kai a taimaka musu, kuma zuwa 2050 ana hasashen masu buƙatar taimakon zasu haura miliyan 700. Amma cikin waɗanda na'urar zata amfana, kashi 17 cikin 100 ne kawai suke amfani da ita. Na san abin da za a fara cewa, tsada, kuma gaskiya ne tana da tsada, ga ƙarancin masanan da zasu gwada mutum a ƙasashe da yawa, ban raina wannan ba ko kaɗan. Sai dai ku duba Birtaniya, hukumar lafiyarsu ta NHS kyauta take ba da na'urar tun 1948, amma har gobe akwai miliyoyin da suke buƙata basu je sun karɓa ba, wasu sun karɓa sun jefa a durowa. A Amurka ma bincike ya nuna mutum yana kai kusan shekara 9 tsakanin lokacin da ya cancanci sakawa da lokacin da ya saka. Kenan ko an cire maganar kuɗi akwai sauran rina a kaba.

Ni a ganina abu biyu ne, kuma suna cin karo da juna. Ta fuskar mutunci mun ƙi ɗaukar na'urar kamar tabarau, ta fuskar aiki kuma mun dage sai ta zama kamar tabarau. Duka biyun mun juya su baibai.

Kunyar dai ban san me zan ce mata ba. Mutum yana tsoron a ga abu a kunnensa ace ya tsufa, alhali "na'am? me kace? sake faɗa" sau goma a zama ɗaya ya fi kowace na'ura tona asiri, kowa ya riga ya sani, shi kaɗai ne yake ganin ya ɓoye. Ronald Reagan yana kan kujerar shugabancin Amurka ya fito da ita a kunne a 1983, Bill Clinton ma aka saka masa a 1997 yana ɗan shekara 51, ba wanda yace sun gaza mulki saboda haka. Balle yanzu da kowa ka gani a hanya da wani abu cushe a kunne, yaro da babba, wa ma zai tsaya tantance na waƙa ne ko na ji. Kuma laifin ba na masu raunin kaɗai bane, mu ne muke mayar da su abin dariya, a faɗi magana su amsa wata daban a kwashe da dariya, in sun ce a maimaita a ce "bar shi kawai ba komai". Wannan "bar shi kawai" ɗin ta fi zagi ciwo, ma'anarta ba ka kai a wahala dominka ba. Na faɗa wa Baba ita ba sau ɗaya ba, Allah ya yafe min.

Kuma jinkirin nan ba kyauta bane, ana biyansa. Kwamitin masana na mujallar Lancet da ke nazarin cutar mantuwa ya saka raunin ji cikin manyan abubuwan da ke ƙara haɗarin kamuwa da ita waɗanda kuma za a iya yin wani abu a kai, sun faɗa a 2020 sun sake faɗa a 2024. Amma bari in yi adalci dan masu talla suna son su ja maganar ta wuce inda take. Babban gwajin da aka yi a Amurka mai suna ACHIEVE, wanda Frank Lin na jami'ar Johns Hopkins ya jagoranta aka wallafa a 2023, ya bi dattawa 977 masu shekara 70 zuwa 84 na tsawon shekara 3. Da aka haɗa kowa da kowa ba a ga bambanci ba tsakanin waɗanda aka ba na'ura da waɗanda ba a ba ba. Sai a cikin rukunin da dama suka fi shiga haɗari, su ne aka ga dusashewar tunaninsu ta ragu da kashi 48 cikin 100. To kar wani yace maka na'urar kunne rigakafin mantuwa ce da aka tabbatar wa kowa. Ni dama ban buƙaci wannan hujjar ba, ganin mutum yana janyewa daga cikin iyalinsa yana raye ya ishe ni hujja.

Sai ɓangare na biyu, wanda ya fi kayar da mutane bayan sun daure sun saka. Tabarau kana ɗora shi a hanci duniya ta washe nan take. Na'urar ji ba haka take ba sam. Ƙwaƙwalwar da ta yi shekara da shekaru cikin shiru ta manta da wasu sautuka, ranar farko komai zai zo mata a baƙo, takun takalminka, ƙarar takarda, ruwa na zuba, har muryarka da kanka sai ka ji kamar daga cikin tulu kake magana. Ana ɗaukar makonni, wani ma watanni, kafin ƙwaƙwalwa ta sake koyon abin da zata saurara da wanda zata watsar, kuma ba zata koya ba in sai ranar taro kawai ake ɗauko na'urar. Da yawa a kwana uku na farko suke yanke hukunci wai ba ta aiki. Kuma ko an saba ba zata dawo maka da kunnen ƙuruciya ba, wuri mai hayaniya sosai har yanzu da wahala, duk wanda ya maka alƙawarin akasin haka kasuwarsa yake ci.

Mu ma mun yi namu kuskuren. Kafin mu je wajen masana na sayo wa Baba wata a intanet, hotonta tsaf, bayaninta kamar zata sa ka ji tafiyar tururuwa. Ashe lasifika ce kawai aka ƙanƙanta, irin mai ƙara komai ɗin nan. Ya saka, wani ya rufe ƙofa da ƙarfi, Baba ya zabura ya fizge ta, kuma sai da muka yi fiye da shekara kafin ya yarda a sake tayar da zancen. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Abin da na koya shine na'urar rabin aiki ce, ɗaya rabin gwaji ne da saiti. A fara leƙa kunnen tukun, dan wani dattin kunne ne kawai ya toshe shi, wani ruwa ne a bayan dodon kunne, wani ciwo ne da magani ko tiyata zai warkar, duk waɗannan ba na'ura suke buƙata ba. Sannan a saka mutum a ɗaki shiru a gwada kowane kunne a fitar da taswirar jinsa, a saita na'urar a kan taswirar, masu yi da kyau har wani siririn bututu suke zurawa cikin kunnen su auna abin da yake isa ciki da gaske, dan ramin kunnen kowa daban yake. Sannan a koma a gyara, a sake komawa. Na'ura matsakaiciya da aka saita da kyau ta fi mai tsadar da aka miƙo maka a kwali.

Wannan ne ya sa nake da zuciya biyu kan sabon salon da ya taso. Tun watan Oktoba na 2022 hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yarda manya daga shekara 18 masu ƙaramin rauni zuwa matsakaici su sayi na'urar kai tsaye ba sai da takardar likita ba, a 2024 kuma ta amince iyafis ɗin AirPods Pro 2 na kamfanin Apple su yi aikin na'urar ji, ka gwada kanka da waya ta saita maka. Ta wani ɓangaren ina murna, dan zai karya tsada ya kuma karya kunya, wanda ba zai taɓa taka ƙafa ya je asibitin kunne ba zai iya gwadawa a ɗakinsa. Amma ina tsoron a fake da wannan a cika kasuwa da tarkace irin wanda na saya, kuma a ɗauka waya ta maye gurbin likita. Akwai alamomin da ba a wasa da su: kunne ɗaya kaɗai ya yi rauni, ko yana zubar da ruwa, ko ciwo, ko jiri, uwa uba ji ya ɗauke farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu. Wannan na ƙarshen na gaggawa ne, kwanaki ake ƙirgawa, in aka makara maganin ba ya cika aiki.

Yara kuwa maganarsu daban ce gaba ɗaya, ba a saya musu a kanti. Yaro da kunne yake koyon magana, shi ya sa ƙa'idar da masana suka fi bi ita ce a gwada jariri kafin ya cika wata 1, a tabbatar da matsalar kafin wata 3, a fara taimako kafin wata 6. Yaron da ya yi sanƙarau ko ƙyanda, ko aka masa allurai masu ƙarfi irin su jentamaisin, ya kamata a duba jinsa ko da ya warke sumul. Nawa ne aka yi wa tambarin daƙiƙanci ko kunnen ƙashi a aji alhali malamin ne ba sa ji? Kuma akwai waɗanda rauninsu ya wuce ƙarfin kowace na'ura, su sai dai dashen da ake yi can cikin katantanwar kunne da tiyata, ko yaren hannu, wanda shi ma cikakken yare ne da nahawunsa, ba abin tausayi ba. Kurman da ya zaɓi yaren hannu yake rayuwarsa ba da shi nake ba. Da wanda yake son ya ji nake, yana da halin ya ji, amma kunya ta riƙe masa ƙafa.

Ku kuma matasa da kuke karanta wannan da iyafis a kunne an ƙure sauti, kar ku ɗauka zancen tsofaffi ne, Hukumar Lafiya ta Duniya tace matasa sama da biliyan 1 suna cikin haɗarin lalata jinsu da irin wannan sauraron. In ka cire ka ji kunnenka na ƙara ko ya yi dum, gashin nan ne suke maka magana.

Baba yanzu ya shiga shekara ta biyu da nasa, guda biyu, dan kunnuwan duka suka taɓu. Sau huɗu muka koma saiti. Watan farko kullum da mita, wai cokali ya cika ƙara, wai ashe haka agogon bangon nan yake damun mutane muka yi shiru. Mu ma sai da muka gyara halinmu, mu fuskance shi in zamu yi magana, mu daina ƙwala masa kira daga wani ɗaki, mu rage talabijin in ana hira, in bai gane ba a canza kalma maimakon a ƙara ihu. Har yanzu in an yi yawa ana magana lokaci ɗaya yana ɓacewa, kuma na lura in jikoki suka ishe shi da surutu yana kai hannu bayan kunne a hankali ya kashe abinsa, yana zaton ba wanda ya gani. Rannan da safe na same shi zaune a waje shi kaɗai ya karkata kai gefe, nace Baba lafiya? Ya ɗaga min hannu alamar in yi shiru, can yace wai dama tsuntsayen nan suna nan, shi ya ɗauka sun daɗe da barin wajen.